Katin inshorar lafiya da aikin haƙorin 'yata: tauraro uku na ba su, shi ma da ƙyar

Shekara da shekaru kenan ina yawo da katin inshorar lafiyan nan a jakata, kuma da a ce wata huɗu da suka wuce aka tambaye ni ya suke, wallahi tauraro biyar zan ba su ba tare da na tsaya tunani ba. Kamfanin da nake aiki a nan Kaduna ne ya yi mana rajista da wani HMO, wato kamfanin inshorar lafiya da ke biya wa mutum kuɗin asibiti, ni da maigida da yara, kuma tsakani da Allah a kan zazzaɓin cizon sauro da taifot da mura da awon ciki ban taɓa samun matsala da su ba, kin je kin miƙa kati an ɗauko fayil an duba ki an ba ki magani kin tafi, ko haihuwar autata su suka biya har kwana biyun da na yi a gado. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba kuma zan faɗi sunan asibitin ba, don ba tonon silili na zo yi ba, ina so ne duk mai irin katin nan ya san inda ramin yake kafin ƙafarsa ta faɗa. Ramin kuwa yana wajen haƙori ne, musamman ranar da likita ya ce aikin ba zai yiwu ba sai an sa mutum barci.

Autata shekararta huɗu da 'yan watanni. Laifina ne, na yarda, tun tana ƙarama ba ta barci sai da fida a baki, madara da sukari ko shayi mai kauri, haka za ta kwana da shi, ga alawa ga biskit ga lemon kwali da ake sa mata a jakar makaranta. Haƙoran gaba na sama ne suka fara yin wani fari-fari kamar alli a gindinsu, daga nan suka koma ruwan ƙasa, suka fara gutsurewa. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ke rabu da ita ai za ta yi famfara. Hajiya, wato surukata, cewa ta yi tsutsa ce a sa mata kanumfari. Ni ma na kwantar da hankalina a kan famfarar nan, ban san cewa na gaba ne kawai ke fita wajen shekara 6 zuwa 7 ba, turamen ciki kuwa suna nan har yaro ya kai 10 zuwa 12, wato haƙorin da ya yi kogo a shekara 4 sai ya yi wasu shekara shida ko fiye a bakin yaro yana ruɓewa. Ba mu farga ba sai ranar da ta tashi kuncinta na hagu ya kumbura har ya fara taɓa ido, ga zazzaɓi, ko ruwan shayi ba ta iya kurɓa.

Asibitin da aka rubuta mana a kati ba su da likitan haƙori, kuma haka yawancinsu suke. Sai suka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, suka rubuta mana takardar turawa wani asibitin da ke da sashen haƙori. A nan ne na fara sanin wani abu wai shi kod. Duk aikin da ya wuce na asibitinka na farko, sai asibiti ya tura wa HMO buƙata, su kuma su turo wata lamba da ke nuna sun amince za su biya, in babu lambar nan ko allura ba za a yi miki a kan kati ba. Kod ɗin ganin likita bai ba mu wahala ba, muna zaune ko minti arba'in ba a yi ba yarinyar da ke tebur ɗin inshora ta ce Madam ya shigo. Nan ma na yaba musu.

Likitan haƙorin mace ce, mai haƙuri sosai, ta yi ta lallaɓa yarinyar nan, ta hura mata safar hannu kamar balan-balan, ta ɗora ta a cinyata a kan kujerar, amma ina! Tana ganin fitilar nan da ƙarfen da ke ƙara ta sandare tana ihu har da amai. Da ƙyar aka samu aka leƙa bakin aka ɗauki hoto. Cikin haƙora 20 da yaro ke da su, 8 sun lalace: uku sai an cire, biyu ciko, uku kuma ruɓar ta kai jijiya sai an kwashe ta sama an rufe su da hular ƙarfe. Muka sake komawa bayan kwana biyar da kumburin ya sauka a gwada ko da guda ɗaya ne da allurar kashe dasashi, nan ma aka tashi ba a yi komai ba sai cizon da ta yi wa nas.

Sai likita ta zaunar da ni ta ce Maman yarinya bari in gaya miki gaskiya, wannan aikin ko babba ne sai ya zo sau uku ko huɗu, kuma allurar kashe wuri tana da iyaka gwargwadon nauyin yaro, ba zan iya kashe mata baki gaba ɗaya a zama ɗaya ba, sannan wurin da ya yi ƙurji allurar ba ta cika kamawa ba, in kuma muka danne ta da ƙarfi tana fizge-fizge da ƙarfe a baki za a iya ji mata ciwo, kuma ta tsani likitan haƙori har ta tsufa. Shawararta a shiga da ita ɗakin tiyata a sa ta barci gaba ɗaya a gama komai lokaci guda. Ni dai da na ji kalmar barci sai da cikina ya juya, don kowa ya san labarin da ake yi, wai wane an sa shi barci bai tashi ba. Baban yara cewa ya yi a kan haƙori? haƙorin da zai zube? Hajiya kuwa salati kawai ta dinga yi.

Toh bari in zo kan kuɗi don shi ne ainihin maganar. Wannan lissafin da aka ba ni ne ni kaɗai a asibiti mai zaman kansa, ba wai farashin gari ba ne, kowa da inda ya je. Takardar ta kasu huɗu: aikin haƙoran kansu naira 170,000, a ciki hulunan ƙarfe uku sun ci 90,000. Sa barci, wato likitan barci da magungunansa da iskar oksijin da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, 180,000. Ɗakin tiyata da gado 130,000. Gwaje-gwajen jini da sauransu 40,000. Gaba ɗaya 520,000. Ku duba da kyau, haƙorin da ya kawo mu bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba, barci da ɗaki su ne giwar. Ni kuwa ko a jikina, na ce ai muna da kati.

Aka tura buƙata. Ban yi awa ɗaya ba amsa ta dawo, kuma dama na ji cewa a 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta ba kamfanonin nan umarnin su riƙa ba da amsar kod cikin awa ɗaya, toh a wannan sun cika umarni, sai dai amsar ce ba ta da daɗi. Wai tsarin da nake kai yana da iyakar kuɗin haƙori naira 50,000 a shekara ga kowane mutum, an riga an cire 10,000 na ganin likita da hoto, saura 40,000, kuma duk abin da za a yi saboda haƙori, har barcin har gadon, daga cikin wannan 40,000 ɗin zai fita. Na ce wa yarinyar tebur ɗin sake karantawa dai. Ta juyo min da kwamfutar na gani da idona. Dubu arba'in a cikin dubu ɗari biyar da ashirin.

Na kira lambar da ke bayan kati. A nan zan rage musu tauraro ɗaya cur, ba don rashin ladabi ba, a'a, ladabi kam har ya yi yawa, kowa ka samu sai sannu Madam, muna ba ki haƙuri Madam, Allah ya ba ta lafiya Madam, amma haƙorin dariya shi ke cizo. Duk kiran da na yi sabon mutum ne zai ɗauka, sai na faro labarin tun daga fida, ya ce zai tura wa sashen da abin ya shafa, a kira ni cikin awa 24, ba wanda zai kira. Sau shida na kira a sati ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ma cewa ya yi ai sa barci don haƙori zaɓi ne ba dole ba, kamar dai ni ce na ga dama na ce a kai 'yata tiyata don jin daɗi.

Abin da ya cece ni shi ne wani ɗan littafi da aka raba mana ranar rajista wanda ban taɓa buɗewa ba, yana cikin durowa tare da rasit ɗin NEPA. Na zauna da daddare na bi shi layi-layi. Ashe katin nan ba tukunya ɗaya ba ce, tukwane ne daban-daban kowace da murfinta: ta ganin likita, ta magani, ta kwanciya a asibiti, ta tiyata, ta ido, ta haƙori. Ta haƙori da ta tabarau su ne 'yan ƙanana. Ta tiyata kuwa babba ce, kuma a ƙarƙashinta an rubuta ƙarara cewa ta haɗa da kuɗin sa barci da ɗakin tiyata. Babu inda aka ce ban da in aikin a baki ne. A jerin abubuwan da ba sa biya na ga dashen haƙori, da hular haƙori, da ƙarfen daidaita haƙora, da wankin sa haƙori fari, amma ban ga barci ba. Kenan duk rigimar a kan tukunyar da za a ɗebo kuɗin ne. In an rubuta aikin haƙori, kwamfutarsu ta jefa komai a ƙaramar tukunya. In an rubuta tiyata a ƙarƙashin barci saboda ƙurji da kumburin fuska, wata maganar ce daban. Kuma buƙatar farko da asibiti ya tura layi ɗaya ce tak, wai cire haƙori da ciko.

Washegari na koma wajen likita da littafin a hannu. Allah ya saka mata da alheri, ta zauna ta rubuta rahoto shafi guda da rabi: shekarun yarinya da nauyinta, haƙora nawa, ƙurjin da ya kumbura mata fuska da zazzaɓin da ya biyo baya, cewa an gwada sau biyu a kujera abin ya gagara, da abin da zai iya faruwa in aka bari, don ƙurjin haƙori yana iya bazuwa ya gangara wuya ko ya haura wajen ido, kuma yana iya lalata haƙorin dindindin da ke kwance a ƙarƙashi. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, gaskiyar da ba a rubuta ba da farko ce kawai aka rubuta. Ta haɗa da hoton haƙoran da hoton fuskar da na ɗauka a waya ranar da ta kumbura (ku riƙa ɗaukar hoto don Allah, ni don in tura wa yayata a WhatsApp na ɗauka, ashe zai yi rana). Aka raba buƙatar gida biyu, ta haƙori daban, ta barci da tiyata daban.

Sannan na hau sama wajen mai kula da ma'aikata a ofishinmu na ce ranka ya daɗe ga halin da nake ciki. Shi ne ya ce ai kamfaninmu yana da wani jami'i na musamman a HMO ɗin da ke riƙe da fayil ɗinmu, ya tura masa imel ya sa ni a ciki. Abin da kira shida bai yi ba imel ɗaya daga wanda ke sa hannu a cek ya yi shi, washegari da safe wata likita daga kamfanin ta kira ni da kanta, ta yi tambayoyi masu ma'ana, ta kira likitan haƙorin suka yi magana. Abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni dariya. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, amma ashe sai kuturun yana da wanda zai tsaya masa. Na tuna masu sayen katin nan da kuɗinsu su kaɗai ba ta hannun kamfani ba, su wa zai tura musu imel?

Kwana 19 daga buƙatar farko amsa ta fito. Sun amince da barci da ɗakin tiyata da gado a ƙarƙashin tiyata. Cirewa da ciko daga ragowar 40,000 ɗin haƙori. Hulunan ƙarfe sun ce a'a, kuma a nan ban yi musu ba don yana rubuce, duk da dai a raina na ce wanda ya rubuta dokar nan hular ado ta manya yake nufi, ba ta yaron da ake so turminsa ya kai shi shekara goma ba. Amma akwai wani ƙarin bayani da ba wanda ya taɓa gaya min: HMO ba farashin asibiti yake biya ba, yana da nasa jadawalin farashi da suka yi yarjejeniya a kai. Barci da ɗaki da asibiti ya ce 310,000, su 230,000 suka amince. Asibiti ya ce likitan barcin daga waje ake kiransa kuma ba ya karɓar farashin inshora, sai in cika. Na kira kamfanin suka ce bai kamata asibiti ya nemi ciko a hannuna ba. Asibiti suka ce toh su kamfanin su kawo likitan da zai yi a haka. Ni ga ni a tsakiya da yarinya tana kuka da daddare. Ƙarshe dai asibiti ya sauke 30,000 na biya 50,000, na karɓi rasit na adana.

Wata ƙawata da ke aikin jinya a Amurka da nake ba ta labari ta ce ai wannan rigimar ba a kanmu aka fara ba, su ma can inshorar lafiya daban ta haƙori daban, kowanne ya riƙa tura wa ɗan'uwansa kuɗin barcin, har sai da jihohi da dama suka yi doka a kai. A Kalifoniya misali, doka ta ce inshorar lafiya ta biya kuɗin sa barci da na asibiti in aikin haƙori ne na yaron da bai kai shekara 7 ba, ko mai larurar da ta shafi bunƙasar ƙwaƙwalwa komai shekarunsa, ko wanda rashin lafiyarsa ta sa dole sai da barcin, amma kuɗin likitan haƙorin kansa ba ya ciki. Kusan dai rabon da muka ƙare da shi kenan, bambancin kawai su a rubuce yake, ni kuwa sai da na yi kwana 19 ina safa da marwa. A Ingila kuma tun farkon shekarun 2000 aka hana sa mutum barci gaba ɗaya a ɗakin likitan haƙori na unguwa, sai a asibitin da ke da kayan ceto, saboda yaran da aka rasa a baya. Wannan ya sa na daina jin haushin kuɗin ɗakin tiyatar, don da farko har na fara tambaya ko ba za a yi mata a kujera a rage kuɗi ba.

Mu a nan an sa hannu a sabuwar dokar NHIA a 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa, jihohi ma suna da nasu, irin KADCHMA a nan Kaduna da KSCHMA a Kano. Maƙwabciyata ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, nasu tsarin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da 18, suna biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma su ma in za a tura su babban asibiti sai da kod. Kowane tsari da nasa littafin, kar wani ya ɗauki abin da ke cikin nawa ya ce haka nasa yake. Abin da na sani shi ne hukumar ce ke ba kamfanonin HMO lasisi kuma tana karɓar ƙorafi, kuma ranar da na ambaci haka a waya muryar wanda nake magana da shi ta canza.

Aka sa rana, sai ga mura. Likitan barci ya zo duba ta kwana biyu kafin aiki, ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya ji tari da majina ya ce a'a, a ɗaga sati biyu, don yaro mai mura hanyar numfashinsa tana iya shaƙewa a cikin barci. Na ji kamar in yi kuka amma mutumin nan ya burge ni, shi ne ma ya cire min tsoro. Ya tambayi ko tana da asma, ko tana minshari, ko akwai wanda aka taɓa sa wa barci a danginmu ya samu matsala, ya duba yawan jininta, ya duba jinsin jini don sikila, ya ce a ƙasar nan ba ya sa yaro barci bai san wannan ba. Matsalar ita ce kod ɗin da muka sha wahala a kansa ashe yana da wa'adi, kafin sati biyun su cika ya mutu. Sai da aka sake nema. Wannan karon kwana biyu ya ɗauka don na riga na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, amma da ban tambaya ba sai ranar aiki da asuba za a ce min babu kod.

Ranar aiki an ce kar ta ci komai har madara awa shida kafin lokaci, ruwa zalla kuma a tsayar awa biyu kafin. Hana yaro ɗan shekara huɗu karin kumallo ba ƙaramin yaƙi ba ne, sai da na ɓoye burodi a cikin mota, kuma na kafa wa Hajiya ido don na san tausayi zai iya sa ta ba ta wani abu a ɓoye, alhali in akwai abinci a ciki yana iya dawowa ya shiga huhu. Aka bar ni na shiga da ita har bakin ƙofa, aka ɗora mata abin shaƙa a hanci tana ƙirga yatsuna, kafin ta kai bakwai ta yi laƙwas, aka ce in fita. Awa ɗaya da minti arba'in na yi a barandar nan, ban san adadin Ayatul Kursiyyu da na karanta ba. Ta farka tana kuka tana neman cire ƙarin ruwan da ke hannunta, baki duk auduga, zuwa la'asar ta sha ruwa ta sha kunu mai sanyi, da magariba aka sallame mu, ko kwana ba mu yi ba.

Wajen sallama an sake ɗan ja-in-ja, wai maganin da aka rubuta mata na gida na haƙori ne ko na tiyata, na ce don girman Allah nawa ne, aka ce 6,500, na zaro na biya na wuce, ba ni da sauran ƙarfin musu.

In na haɗa lissafi, ban da wannan maganin, daga aljihunmu 220,000 ta fita: 130,000 ragowar aikin haƙori da huluna, 50,000 cikon barci, 40,000 gwaje-gwaje. Su sun biya 270,000. Ba zan ce ba su yi komai ba, da babu katin nan da sai mun sayar da wani abu ko mun ci bashi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ban sauko ƙasa da tauraro uku ba. Amma kuma da na karɓi amsar farko na yi shiru kamar yadda na tabbata mutane da yawa suna yi, da 40,000 kawai za su biya su shafa wa idonsu toka, alhali haƙƙina ne a rubuce a littafinsu. Wannan ne abin da ya fi tsaya min a rai, ba kuɗin ba. Mai sayar da kati ranar rajista ya ce mana har haƙori muna yi, bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi girman tukunyar ba.

Wanda zai karɓi irin katin nan, ko kamfaninsu zai sabunta, ya tambaye su a rubuce ba a baki ba: nawa ne iyakar haƙori a shekara, kuma na kowane mutum ne ko na gidan gaba ɗaya? In likita ya ce sai an sa barci, daga wace tukunya za a cire? Wannan ba maganar yara kaɗai ba ce, babba ma in haƙorinsa na ƙarshe ya kwanta a cikin ƙashi, ko ya faɗi a babur muƙamuƙi ya karye, ko yaro mai larurar da ba zai iya zama a kujera ba, duk layin nan za su bi. A tambayi kwana nawa kod yake yi kafin ya mutu. Kuma kar a biya ko sisi kafin kod ya fito in dai ba gaggawa ba ce, wannan kuskuren ni na yi shi da gwaje-gwajen, na biya don a yi sauri aka ce za a dawo min da kuɗina.

Yarinya dai Alhamdulillah, tana cin abinci har ta fara ƙiba, barcin dare ya dawo, fida kuwa na jefa shi a shara da hannuna, yanzu buroshi safe da dare da man goge baki mai fuloraid ɗan ƙwaya ɗaya, ko tana so ko ba ta so. Hulunan ƙarfen nan suna ƙyalli in ta yi dariya, Hajiya ta sa mata suna Hajiya ƙarama wai ta yi haƙorin Makka ba ta je ba, ita kuma duk baƙon da ya shigo sai ta wangale masa baki ya gani.

Kuɗin gwaje-gwajen kuwa na cike fom, na haɗa rasit na asali, na kai da kaina, aka ce sati huɗu zuwa shida. Yau sati na tara. Jiya na kira, wata sabuwar murya ta ɗauka ta ce sannu Madam, me ya faru da haƙorin?